Yawan kalsiyam a jini: tambayoyin da majinyata da 'yan uwansu suka fi yi

A wani watan Afrilu, lokacin da zafin Zariya ke kan ganiyarsa, wani matashi ya kawo mahaifiyarsa daga cikin birni. Hajiya ta haura sittin. Kukanta uku ne: ƙishirwa da ba ta yankewa, fitsari dare da rana, da ciki da ya ɗaure kwana biyar babu bayan gida. An gwada suga sau biyu, lafiya lau. An sha maganin taifod, an sha na basir. Da na ce ina son ganin magungunan da take sha, sai ɗan ya zazzage baƙar leda a kan tebur: ƙwayar hawan jini, kwalbar bitamin D da 'yarta ta aiko mata daga Saudiyya, ƙwayar kalsiyam mai narkewa a ruwa saboda ciwon gwiwa, da farar ƙwayar nan da ake taunawa idan olsa ta motsa. Takardar gwajin jininta ta nuna kalsiyam 3.1, wato ya wuce iyaka.

Irin wannan takarda ita ke tayar da tambayoyi, kuma kusan iri ɗaya ake yi mini, ko a bakin gadon majinyaci, ko a wajen ɗaurin aure da zarar an ji aikina na asibiti ne.

An ce kalsiyam na ƙashi ne. Me ya kai shi jini?

Gaskiya ne, kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yana cikin ƙashi da haƙora, kuma a jikin baligi ya kai wajen kilo guda. Ɗan abin da ya rage shi ke yawo a jini. Amma da wannan ɗan kaɗan ɗin zuciya ke bugawa, tsoka ke motsi, jijiyoyi ke kai saƙo, jini kuma ke daskarewa idan mutum ya yanke. Shi ya sa jiki ke kula da ma'auninsa kamar mai awon zinare. Ƙashi shi ne rumbu, jini kuwa tiya. Idan tiya ta yi ƙasa a ɗebo daga rumbu, idan ta cika ƙoda ta zubar da rarar ta fitsari.

Masu wannan awo wasu 'yan halittu ne guda huɗu a wuya, kowace ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, suna manne a bayan tayirod, wato halittar da kumburinta ke zama maƙoƙo. Sunansu faratayirod, sinadarin da suke fitarwa kuma PTH ake rubuta shi a takardar gwaji. Kalsiyam na sauka sai su saki PTH, shi kuma ya sa ƙashi ya saki nasa, ƙoda ta riƙe wanda zai fita, hanji ya ƙara tsotsowa daga abinci da taimakon bitamin D. Kalsiyam na hawa sai su yi shiru. Ka riƙe wannan, don kusan duk sauran bayanin a kansa ya rataya.

Lamba nawa ce ta yi yawa?

Ɗakunan gwaji na rubuta shi ta hanya biyu. Idan ka ga mmol/L, daidai shi ne wajen 2.1 zuwa 2.6. Idan mg/dL ne, wajen 8.5 zuwa 10.5. Ka fara duba wanne aka yi amfani da shi kafin hankalinka ya tashi; na taɓa ganin wanda ya kwana bai runtsa ba saboda ya ga 9.4 ya gwada da ma'aunin farko.

Daga saman iyaka zuwa 3.0 hawa ne mai sauƙi, yawanci ma mutum bai san yana da shi ba. Daga 3.0 zuwa 3.5 matsakaici ne. Abin da ya wuce 3.5, wato 14 a ɗaya ma'aunin, na kwanciya asibiti ne a ranar. Saurin hawan ma yana da tasiri: wanda ya shekara biyar da 2.9 yana zuwa kasuwa abinsa, wanda kuma ya tashi daga 2.4 zuwa 3.2 cikin mako guda sai a kawo shi ranga-ranga.

Gwaji ɗaya bai isa a yanke hukunci ba. Wajen rabin kalsiyam ɗin jini yana manne da wani furotin mai suna albumin, don haka likita zai duba albumin ya gyara lissafi. Majinyacin da ya rame, albumin ɗinsa ya faɗi, takardarsa na iya nuna lamba mai kyau alhali abin ya hau. Haka kuma idan an ɗaure hannu da roba an daɗe ana laluben jijiya, ko mutum ya zo a bushe da ƙishirwa, lambar na iya ɗan ɗagawa ba gaira ba dalili. A maimaita.

Da wace alama zan gane?

A nan gizo ke saƙa, domin babu wata alama da za a ce tasa ce shi kaɗai. Duk abin da yake kawowa akwai cutar da muka saba ɗora wa laifinsa.

Ƙishirwa da yawan fitsari, sai a ce suga. Taurin bayan gida, sai a ce basir. Tashin zuciya, rashin cin abinci da kasala, sai a ce taifod ko maleriya. Zafin ciki, olsa. Ciwon ƙashi da gaɓoɓi, sanyi ko tsufa. Ciwo mai tsanani a kwiɓi yana gangarowa mara, wani lokaci da jini a fitsari, wannan tsakuwar ƙoda ce, kuma duk wanda ya yi ta sau biyu ya kamata a auna masa kalsiyam.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne na ƙwaƙwalwa. Dattijo ya fara mantuwa, ya rikice a raka'o'in salla, ya yini yana gyangyaɗi, ya kira jikarsa da sunan matarsa da ta rasu. A gida sai ra'ayi ya rabu, wasu su ce rikicin tsufa ne, wasu su ce iska ce ko sammu. Ban hana kowa addu'a ba, amma a haɗa da ɗibar jini. Na ga mutanen da suka dawo hayyacinsu sarai cikin kwana uku bayan an sauke musu kalsiyam. Idan aka bar shi ya ci gaba da hawa, daga barci sai suma, bugun zuciya ya rikice, ƙoda ta tsaya.

Akwai wani zagaye da ke sa abin ya yi saurin lalacewa. Kalsiyam mai yawa yana hana ƙoda riƙe ruwa, sai fitsari ya yawaita. Jiki ya bushe, ga tashin zuciya ya hana sha. Busasshiyar ƙoda ba ta iya zubar da kalsiyam, sai ya ƙara hawa, fitsari ya ƙara yawa. A watannin Maris da Afrilu, da gumi ke kwashe sauran ruwan, wannan zagaye ya fi saurin kama tsofaffi.

Fura da nono ne suka jawo mini? In daina shan kindirmo?

A'a. Mai lafiyar ƙoda da wuya ba ya samun wannan matsala daga abinci, ko da kullum sai ya sha kindirmo ya ci miyar kuka da kwaɗon zogale. Mu a arewa ma ƙarancin kalsiyam a abinci ya fi damunmu, shi ne ke lanƙwasa ƙafafun yara da yawa. Baligi na bukatar wajen miligiram 1,000 a rana. Idan matsalarka daga wuya take kuma ka ƙaurace wa nono gaba ɗaya, PTH zai ƙara tashi ya ci gaba da yashe ƙashinka. Gudun gara ke nan a faɗa gidan zago.

To me ke kawo shi?

Ruwa ba ya tsami banza. Cikin mutum goma masu yawan kalsiyam, wajen tara ɗayan abu biyu ne: ko faratayirod ta yi ƙari, ko ciwon daji.

Na farkon ya fi yawa ga masu zuwa asibiti da ƙafarsu. Ɗaya daga cikin 'yan halittun nan huɗu ce ke girma ta daina jin umarni, tana ta zuba PTH ko da jini ya cika da kalsiyam. Wajen kashi 80 zuwa 85 cikin 100 ƙari ɗaya ne tak, kuma ba kansa ba ne. Sauran yawanci duka huɗun ne suka kumbura. Kansar faratayirod akwai ta, amma da wuya a gamu da ita. Ya fi kama mata, musamman bayan ɗaukewar al'ada. Ba a ganin ƙarin a wuya, ba a jin sa da hannu, don haka kada ka tsaya gaban madubi kana lalube. A hankali yake aikinsa, shekara da shekaru, yana ɗibar ƙashi yana tara tsakuwa a ƙoda, har wata rana mace ta zame a bakin rijiya ta karye a wuyan hannu.

Sauran dalilan sun haɗa da magunguna, tarin fuka, tayirod mai aiki fiye da kima, daɗewa a kwance ba motsi kamar bayan karaya ko shanyewar ɓarin jiki, da ciwon ƙoda da ya daɗe har ya sa faratayirod ta zarce. Akwai kuma wani na gado wanda 'yan gida ɗaya ke da ɗan hawa tun haihuwa, fitsarinsu ba ya fitar da kalsiyam sosai. Wannan ba ya cutarwa, ba ya son tiyata, abin da yake so kawai a gane shi don kada a yanka wuyan mutum a banza.

Likita ya ambaci kansa, hankalinmu ya tashi. Ke nan ita ce?

Ambato ba tabbaci ba ne. Wanda aka gano masa ɗan hawa a gwajin yau da kullum, yana cin abinci, bai rame ba, mafi yawanci wuya ne. Na kansa yakan zo da sauri, da lamba babba, ga mutumin da dama jikinsa ya nuna, kuma galibi an riga an san da ciwon.

Waɗanda suka fi kawo shi su ne kansar mama, ta huhu, ta ƙoda, ta kaluluwa, da wata ta ɓargo mai suna mayeloma. Ko dai ciwon ya bazu cikin ƙashi yana narkar da shi, ko ya riƙa fitar da wani sinadari mai kwaikwayon PTH. Dattijon da ke da ciwon baya da ba ya jin magani, ga ƙarancin jini, ga ƙoda ta fara rauni, ga kalsiyam ya hau, dole a nemi mayeloma. Ga mata kuwa, ina roƙo: idan akwai ƙullutu a mama a faɗa. Sau da yawa sai majinyaciya ta rikice an kawo ta, sannan 'yarta ta ja ni gefe ta ce, "Likita, akwai wani abu da Iya ta hana mu faɗa." Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen kula da masu kansa, tafiyar ba ta kai a ce nisa ne ya hana ba.

Me ya haɗa tarin fuka da kalsiyam?

Jiki na kewaye ƙwayar cutar da wasu dunƙulen ƙwayoyin garkuwa, su kuma waɗannan dunƙule suna iya tayar da bitamin D da kansu ba tare da izinin ƙoda ba, sai hanji ya yi ta tsotso kalsiyam. Yawanci hawan ba ya yin tsanani, kuma yana sauka idan aka kama maganin tibi na wata shida da gaske. Abin da ke tsananta shi, 'yan uwa su ga majinyaci ya rame su tara masa magungunan ƙarin kuzari masu bitamin D. Duk mai karɓar magani, a cibiyar tarin fuka ta Saye da ke Zariya ne ko a asibitin unguwa, ya nuna wa ma'aikatan duk wani abu da yake sha bayan nasu. Wata cuta mai suna sakoidosis ma haka take yi.

Waɗanne magunguna ne ke ɗaga shi?

Koma kan ledar Hajiya, kusan duka suna ciki.

Maganin hawan jini na dangin tayazaid yana hana ƙoda zubar da kalsiyam. Yana cikin Moduretic, yana kuma cikin haɗe-haɗen da za ka ga an rubuta HCT ko HCTZ a jikin kwalinsu. Magani ne mai kyau, miliyoyin mutane na shan sa lafiya. Shi kaɗai ɗan kaɗan yake ɗagawa, sai dai yakan tona asirin ƙarin wuya da ke ɓoye. Kada ka ajiye shi da kanka, likita zai musanya maka.

Bitamin D shi ne na zamani. Akwai ƙwaya mai ƙarfin 50,000 wadda aka yi don sha sau ɗaya a mako na ɗan lokaci, sai ka tarar ana haɗiyarta kullum bayan karin kumallo wata da watanni, saboda an gani a Facebook cewa tana maganin ciwon jiki. Bitamin D a kitse yake taruwa, ba ya fita da fitsari, don haka ko an daina sai a yi makonni, wani lokaci watanni, kafin jini ya daidaita. Bitamin A mai yawa ma yana yi.

Sai ƙwayoyin kalsiyam na ciwon gwiwa, da na taunawa don zafin ciki, waɗanda da yawansu kalsiyam ne zalla. Mai olsa da ke tauna goma sha a rana, ga shi ƙodarsa ba ta cika ƙarfi ba, yana iya kai kansa gadon asibiti. Litiyam da ake ba wasu masu taɓin hankali shi ma yana cikin jerin. Wanda kuma ke shan digozin na zuciya, hawan kalsiyam na ƙara masa haɗarin maganin, ya faɗa wa likita tun a bakin ƙofa.

Wane gwaji za a yi bayan an ga ya hau?

Mafi muhimmanci shi ne PTH, a ɗebe shi tare da kalsiyam. Shi ke raba hanya. Idan kalsiyam ya hau kuma PTH na sama, ko ma yana tsakiya bai sauka ba, laifin na wuya ne, domin lafiyayyar faratayirod shiru ya kamata ta yi. Idan PTH ya faɗi ƙasa, wuya ya fita daga zargi, sai a juya ga kansa, tibi, bitamin D da magunguna. Ba kowane ƙaramin ɗakin gwaji ke yin sa ba kuma yana da ɗan tsada, amma a ganina gara a biya kuɗinsa sau ɗaya da a yi ta zagayen hoton ciki da maganin taifod.

Tare da shi akan duba aikin ƙoda, fosfet, bitamin D, yawan jini, kalsiyam na fitsarin awa 24, hoton ƙirji, da hoton ƙoda don neman tsakuwa. Hoton wuya a ƙarshe yake zuwa. Aikinsa nuna wa mai tiyata inda ƙarin yake, ba shi ke tabbatar da cutar ba.

Idan ya hau sosai, me ake yi a asibiti?

Ƙarin ruwa tukuna. Ruwan gishiri ne ake sawa ta jijiya, sau da yawa lita uku zuwa huɗu a awa 24 na farko, wato leda shida zuwa takwas ta rabin lita. Shi ke karya zagayen bushewar nan. Ga tsoho ko mai ciwon zuciya a hankali ake yi, ana sauraren ƙirji ana auna fitsari, don kada ruwa ya taru a huhu. Lasix, maganin da ke sa fitsari, ba a fara shi sai jiki ya ƙoshi da ruwa har ya nemi yin yawa. Wannan ne dalilin da ba na goyon bayan a kira mai kemis ya rataya ruwa a ƙusar ɗaki. Ledojin ruwa iri-iri ne, wata ma da kalsiyam a cikinta.

Sai maganin da ke hana ƙashi sakin kalsiyam, irin su Zometa, miligiram 4 ta jijiya cikin minti 15 ko fiye. Ba ya aiki nan take, sai bayan kwana biyu zuwa huɗu, amma yana riƙewa makonni. Bayan allurar farko wasu na yin zazzaɓi da ciwon jiki kwana ɗaya ko biyu kamar maleriya, yana wucewa. Dole a duba ƙoda kafin a ba da shi. Idan ta yi rauni akwai wata allura mai suna denosumab. Allurar kalsitonin kuwa cikin awoyi take aiki amma ƙarfinta na dushewa bayan kwana biyu, don haka gada ce kawai kafin wancan ya kama. Idan dalilin bitamin D ne, ko sakoidosis, ko kansar kaluluwa, firednisolon ke saukar da shi. Idan ƙoda ta tsaya ko lambar ta kai inda rai ke cikin haɗari, sai wankin ƙoda.

Duk wannan sauke lamba ne. Majinyaci ya farfaɗo, ya nemi koko, 'yan uwa su fara haɗa kaya suna neman sallama. Idan aka tafi ba a gano dalili ba, an kashe maciji ne ba a sare kai ba, bayan 'yan makonni za a dawo.

Idan wuya ne, dole sai an yi tiyata?

Tiyata ce kaɗai ke warkar da shi gaba ɗaya, kuma a hannun wanda ya saba fiye da 95 cikin 100 na rabuwa da cutar. Ana ba da shawararta ga duk mai alamomi, da wanda ya yi tsakuwar ƙoda, ko ƙashinsa ya yi rauni ko ya karye, ko ƙodarsa ta fara ja baya, ko kalsiyam ɗinsa ya zarce iyaka da fiye da 0.25 mmol/L, ko shekarunsa ba su kai 50 ba. Wanda ba ya cikin waɗannan ana iya sa masa ido, ana auna jini da ƙoda duk shekara. Wanda jikinsa ba zai ɗauki tiyata ba akwai ƙwayar sinakalset, tana sauke kalsiyam amma ba ta cire ƙarin.

Mutane na tsoron a taɓa wuya, kuma tsoron yana da tushe, domin jijiyar murya a nan kusa take. Dishewar murya na faruwa, yawanci na ɗan lokaci. Abin da ya fi yawa shi ne kalsiyam ya faɗi ƙasa a kwanakin farko, saboda ƙashin da ya daɗe da yunwa ya shiga wawurar abinsa. Alamarsa jin tsira-tsira a leɓe da yatsu, ko hannu ya ƙage. A nan ne za a ba ka ƙwayar kalsiyam ɗin da aka hana ka a baya, kada ka ce likita ya rikice.

Zan iya yin azumi?

Ya danganta. Mai ɗan hawa da ya daɗe a tsaye, ba tsakuwa, ƙoda lafiya, yakan iya, in ya yawaita ruwa daga buɗa-baki zuwa sahur ya kuma guji rana. Wanda ya kai 3.0, ko yake da tsakuwa, ko bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, yinin bazara ba ruwa haɗari ne gare shi. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Ka je a auna kafin watan ya kama, ka ji ta bakin likitanka da malaminka.

Ina da ciki, an ba ni kalsiyam a wajen awo. In ajiye?

Ki ci gaba da sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba masu ciki kalsiyam a wuraren da abinci ba ya wadatar da shi, don rage haɗarin hawan jinin ciki da jijjiga. Sai dai in an taɓa ce miki naki ya hau, ko kin taɓa tsakuwar ƙoda, to ki faɗa wa malamar awo kafin ki fara.

Ita Hajiyar me ya faru da ita?

An kwantar da ita kwana uku ana ƙarin ruwa. An ɗauke bitamin D da ƙwayoyin kalsiyam duka biyu, an canza mata maganin hawan jini. Ciki ya saki, ƙishirwa ta ragu. Bayan wata biyu aka sake aunawa, 2.8. Ɗanta ya ce, "Ai an samu sauƙi, ko a bar ta haka?" Na ce a ɗebi PTH tukuna. Ya fito a sama. Ashe magungunan ledar ƙara wa wuta itace kawai suka yi, ƙarin yana wuya tun tuni. Sai da aka kai ruwa rana kafin ta yarda da tiyata, sai da ƙaninta ya zo daga Samaru ya lallashe ta. Abin da aka ciro bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ta sa aka nuna mata a cikin 'yar kwalba, ta daɗe tana kallo ta ce, "Wannan ɗan abin?"

Da ta dawo a duba ta bayan sati shida, na tambaye ta gwiwa. Ta ce gwiwa tana nan yadda take, wannan kam tsufa ne. Amma yanzu in ta kwanta bayan isha'i ba ta ƙara neman buta sai kiran assalatu.